Jirgin Japheth Mai Ƙafa Uku

Idan ka taɓa yin aski a Palladan, a ɗan shagon nan mai shuɗiyar ƙofa da ke kan hanyar makarantar koyon tuƙin jirgin sama, to ka san Japheth, kuma na tausaya wa kunnuwanka. Japheth bai taɓa shiga jirgi ba. Ko matakalarsa bai taɓa takawa ba. Amma shekara da shekaru ɗaliban makarantar suna zama a kujerarsa, yana yi musu aski suna hirar jarrabawa, shi kuwa yana tsintar maganganunsu yana adanawa, har ya wayi gari ya yanke hukuncin cewa hula ce kawai ta rage tsakaninsa da matuƙin jirgi. Hular ma ya shiga kasuwar Sabon Gari ya samo ta a gwanjo. Tun daga ranar, duk wanda bai kira shi Kyaftin ba, askinsa a karkace yake fita.

Wani ɗalibi ya taɓa mance faifan lissafi a shagon, irin mai zagaye da ƙananan lambobi wanda matuƙa ke juyawa su fitar da gudu da nisa da lokaci. Japheth ya ɗaura masa igiya ya rataya a wuya. Agogonsa kuma ya mayar da shi baya da awa guda, don ya ji an ce matuƙan duniya duka agogo ɗaya suke bi, kuma yana bayan namu da awa ɗaya. In ka tambaye shi lokaci sai ya ɗaga gira ya ce, "Na sama kake so ko na ƙasa?"

Duk wannan cika baki, akwai inda bakin Japheth ke mutuwa, wato gaban Mama Elizabeth, shugabar Zumuntar Mata ta cocinsu a Sabon Gari, uwar Rhoda. Rhoda malamar firamare ce, kuma Japheth yana sonta so na gaskiya, irin mai hana mutum cin abinci. Ita ma tana sonsa, ko da yake takan ce ba ta san laifin da ta yi wa Allah ba. Uban Rhoda ya rasu, 'yan uwansa kuma sun bar maganar a hannun uwar. Manyan Japheth sun je tambaya, sun sake komawa, Mama tana cewa a bari ta gama da gasar waƙar Zumunta tukuna, kanta ba ya ɗaukar abu biyu. Kowa ya gane cewa mai hular ne bai kwanta mata ba.

Gasar kuwa a wani coci ne a Samaru, ranar Asabar, tsakiyar damina. Matan za su yi sammako a bas don su sami sujadar safe, amma ba wadda ta yarda a cusa tukwanen kiɗa cikin wannan matsi. Tukwane huɗu ne na yumɓu, waɗanda ake bugun bakinsu da soso su ba da amo mai zurfi. Uku ƙanana, sai babbar da Mama ta gada daga uwarta, wadda in aka buge ta har cikin ƙirjinka za ka ji. Ana cikin shawarar wanda zai kai su, sai Japheth, wanda ya zo ɗaukar Rhoda daga wurin gwajin waƙa, ya cire hula ya durƙusa.

"Mama, ki bar mini wannan."

Mama ta dube shi ta saman tabarau. "Kai ɗan nan, ƙarfe sha ɗaya za a kira mu. Ba aski ba ne da za ka ce wa mutum ya dawo gobe."

"Mama, daga nan zuwa Samaru kilomita goma ne, na auna da zare a kan taswira. Keke Napep na gudun kilomita talatin a awa. A raba nisa da gudu," ya juya faifansa sau biyu don a gani, "minti ashirin cif. Lissafin da ke kai jirgi Landan shi zai kai tukwanenki Samaru."

"Landan ba ta dame ni ba," in ji Mama. "In wani abu ya sami tukunyar uwata, kada manyanka su wahalar da takalmansu."

Rhoda ta ja shi gefe ta ce, "Don girman Allah, Japheth, ka bi titi kamar kowa, ka fito da wuri kamar kowa."

Ya ce, "Rhoda, da kamar kowa nake, ai da ba ki so ni ba."

Ran Asabar da safe Iyke ya faka kekensa a ƙofar cocin. Iyke Ibo ne haifaffen Sabon Gari, Hausa a bakinsa kamar ruwa, kuma mutum ne da in ka ba shi muƙami zai bi ka har cikin rijiya. Japheth ya naɗa shi mataimakin matuƙi, nan take ya gyara wuyan riga. Suka shimfiɗa katifa a kujerar baya, suka jera tukwanen, suka ɗaure da zannuwa.

"Yanzu sai dokar farko," in ji Japheth. "Kashe waya."

"Oga Kyaftin, in an kira mu fa?"

"Ka taɓa ganin an kira matuƙi yana cikin aiki? Tana rikita na'urori."

Iyke ya dubi gaban kekensa, inda ba na'urar komai sai hoton matarsa da wata robar fure, ya kashe wayar cikin ladabi. Japheth ma ya kashe tasa. Ya duba agogo ya ga da sauran lokaci mai yawa, sai ya fara binciken jirgi kafin tashi. Ya zagaya keken yana ƙwanƙwasa tayoyi, ya sa Iyke ya danna hon, ya leƙa ƙarƙashi. Masu shaguna suka fara fitowa kallo, kuma Japheth in ya ga taro ba ya iya barinsa ya tafi hannu biyu. Ya tsoma yatsa a baki ya ɗaga sama, ya yi musu bayanin iskar gaba da iskar baya. Daga nan ya zauna a bencin Madam Folasade mai abinci, ya sa aka zubo musu shinkafa da wake da kifi, don matuƙi ba ya tashi da yunwa.

Madam Folasade ta kawo ruwa ta ce, "Kyaftin, ba sha ɗaya aka ce za su yi waƙa ba? Ka zauna kana cin kifi."

"Madam, ki tsaya a kan miyarki. Yanzu ne goma saura minti ashirin."

"Goma ina? Sha ɗaya saura dai. Duba bango."

Japheth ya dubi agogon bango, ya dubi na hannunsa, ya ajiye cokali. Daɗin taro ya sa ya manta cewa agogon sama ne a hannunsa, gasar kuwa a ƙasa ake yin ta. Sai ya miƙe ya gyara hula.

"Na sani," ya ce. "Gwada ku nake. Minti ashirin muke buƙata, minti ashirin muke da shi. Haka ƙwararru ke aiki. Iyke, tashe shi!"

Suka tashi da ƙara, yara na ihu a bayansu. Ba su yi nisa ba, suna isa unguwar PZ suka tarar da tirela ta mutu a tsakiyar titi, motoci sun cushe ko akuya ba ta samun hanya. Iyke ya kashe inji ya jingina.

"Oga, lissafin ya san da wannan tirelar?"

"Babu tirela a sama," in ji Japheth a fusace. Ya juya faifai, gumi na ɗiga a kan lambobin. Rabin lokacin ya riga ya tafi. "Saurara. In lokaci ya ragu, ko a ƙara gudu ko a rage nisa. Kekenka zai yi kilomita sittin?"

"Ko daga saman dutse aka jefo shi ba zai yi ba."

"To nisa za mu rage. Titi ai yaudara ce, kwana-kwana ne kawai. Jirgi miƙewa yake yi." Ya zaro kamfas, abin nuna alƙibla, daga aljihu ya ɗora a gwiwa. "Samaru tana arewa maso yamma. Inda allurar nan ta ce, nan za mu bi. Juya!"

Abin da ya manta shi ne, kilomita goman da ya auna da zare dama a miƙe ya auna su, babu sauran abin ragewa. Amma Iyke bai tambaya ba, ya karya kan keke suka faɗa wani lungu.

Lungun farko ya kai su cikin igiyar shanya, suka fito da zanen wata mata a kan gilashi, matar na bin su da muciya. Na biyu ya ratsa da su ta garejin makanikai a bayan unguwar Chikaji, inda wani ya leƙo daga ƙarƙashin mota ya ce, "Kai, nan ba hanya ba ce!" Japheth ya sara masa ya ce yanzu ta zama. Na uku ya ƙare a layin dogo.

"Mu koma mu nemi mararraba," in ji Iyke.

"Matuƙi ba ya ribas. Sauko mu ɗaga."

Suka ɗaga gaban keken suka tsallakar, suka dawo suka ciccibi bayan. Tayar baya ta dira a ɗaya gefen da ƙarfi, sai suka ji wani ɗan sauti daga cikin zannuwa, ƙas. Suka kalli juna. Japheth ya buɗe zani a hankali, ya ga ƙaramar tukunya ta rabu biyu.

"Dama wannan muryarta ba ta da daɗi," ya ce, amma tasa muryar rawa take.

Bayan layin dogo gidaje suka fara ƙarewa, sai gonaki, masara ta fi mutum tsawo. Suka sami wata 'yar hanyar ƙafa a kan kunya, dama da hagu fadamar shinkafa cike da ruwa. Iska ta taso daga dama tana kaɗa labulen keken. Idon Japheth ya yi haske, don an zo wurin da ya fi ƙwarewa.

"Iskar gefe! Iyke, in iska tana tura jirgi hagu, matuƙi yana karkata hancinsa dama don ya tafi daidai. Karkata dama!"

"Oga, dama ruwa ne."

"Iskar za ta dawo da mu. Karkata, na ce!"

Iyke ya karkata. Iskar ba ta dawo da kowa ba. Keken ya gangara cikin shinkafa a natse, ya nutse har gindin kujera, injin ya yi tari biyu ya yi shiru. Tukwane biyu ƙanana suka gwabza kai da juna, magana ta ƙare a kansu. Babbar ce kawai ta tsira, don Japheth ya yi tsalle ya rungume ta, suka faɗa cikin taɓo tare, shi a ƙasa ita a sama.

Suna cikin wannan hali sai ga mai gonar, wani dattijo da ake kira Baba Sati, da fartanya a kafaɗa. Ya tsaya a kan kunya ya daɗe yana kallonsu.

"Sannunku da aiki," ya ce. "Shuka kuke ko girbi?"

"Baba, saukar gaggawa muka yi," in ji Japheth daga cikin ruwa.

"Daga ina kuka faɗo?"

"Daga Sabon Gari. Samaru za mu."

Baba Sati ya waiwaya ya dubi inda titin Samaru yake, can nesa inda ake jiyo hon ɗin motoci, ya sake dubansu. "Shekarata sittin a nan, ban taɓa jin an bi ta cikin shinkafata an je Samaru ba. Gwamnati ce ta canza hanya ba a gaya mini ba?"

"Lissafi ne, Baba. Ba za ka gane ba."

"Gaskiyarka. Ni dai na ga lissafin ya jiƙe."

Daidai nan wani ƙaramin jirgin ɗalibai ya wuce ta samansu yana ƙugi. Japheth ya yunƙura ya miƙe, taɓo na zuba daga aljihunsa, ya ƙame ya sara.

"Yarona ne wancan," ya ce. "Ni nake masa aski. Ya zo duba mu ne."

"To ka ce ya sauko da igiya," in ji Baba Sati.

Iyke dai ya ajiye muƙami. Ya zauna a rufin kekensa ya kunna waya, saƙonni suka yi ta shigowa kamar ƙanƙara. Ya karanta na ƙarshe da ƙarfi. Daga Rhoda ne: Mama ta roƙi alƙalan gasa an mayar da su na ƙarshe, in Japheth yana raye ya zo, in kuma ya mutu ya aiko da tukwanen.

A nan ne tsoro na gaske ya kama Japheth. Ba hula ya tuna ba, wadda ke yawo a kan ruwa, ba kuma dariyar da za a yi masa ba. Rhoda ya tuna, da yadda za ta tsaya a gaban uwarta ba ta da abin cewa. Ya tuɓe rigarsa ya naɗe ta ya yi gammo, ya ɗora babbar tukunya a ka. Takalmansa taɓo ya riga ya haɗiye. Ya bar Iyke da Baba Sati suna gardamar wanda zai nemo shanun da za su ja keken, ya kama hanya ba takalmi, yana tafe yana lissafi a bayyane.

"Mutum na tafiyar kilomita biyar a awa. In ya yi sassarfa, bakwai. In ƙaya ta soke shi..." Ya tsaya ya cire ƙayar. "Shida."

Mutanen da ya wuce a hanya sun sami abin hira na mako guda. Ƙato ba riga, baƙi ƙirin da laka daga wuya zuwa ƙafa, faifai na lilo a ƙirji, tukunya a ka, yana magana shi kaɗai. Wata tsohuwa ta miƙa masa dafaffiyar masara ta ce Allah ya ba shi lafiya. 'Yan acaɓa biyu suka tsaya, suka kalli lakar, suka kalli kujerunsu, suka ƙara gaba.

A Samaru kuwa alƙalai sun gaji da jira. Aka kira matan Sabon Gari, suka fito cikin ankonsu fes, sai dai a maimakon tukwane, bokitai biyu ne da jarkar manja da aka aro daga kicin ɗin coci. Mama Elizabeth ta ɗaure fuska ta ba da waƙa, mata suka amsa, jarka na ƙara kamar ana kiran kaji. Sun kai baiti na biyu ke nan aka ji hayaniya daga baya. Japheth, wanda har yanzu allurar kamfas yake bi, bai zo ta ƙofa ba. Ta wata ɓarakar katanga ya ɓullo, ya ratsa tsakiyar taro, mutane na darewa don kada ya goge su. Yara suka fara tafi, manya suka kama dariya, shi kuwa ya ɗauka tarba ce, har yana ɗaga hannu ɗaya. Ya isa gaba ya sauke tukunyar a ƙafafun Mama, ya ja numfashi.

"Mama, mun sauka lafiya."

Waƙa ta tsaya. Mama ta dubi tukunyar, ta dubi bayansa. "Ina sauran ukun?"

"Sun... riga mu sauka."

Mama ta zauna. Ta karɓi soso, ta ja tukunyar uwarta tsakanin gwiwoyinta, ta ɗaga wa mata hannu su ci gaba, ta kai mata bugu. Maimakon amon nan mai shiga ƙirji, sai aka ji ɓat, ruwan taɓo ya yi tsartuwa ya wanke gaban ankonta. Kafin kowa ya rufe baki, wani ƙaton kwaɗo ya leƙo daga bakin tukunyar, ya yi tsalle ɗaya ya dira a teburin alƙalai. Babbar alƙaliya ta yi kururuwa ta hau kujera. Fasto ya cire tabarau yana share hawaye. Har matan Sabon Gari da kansu suka zube a kan bokitansu suna dariya, aka rasa mai ɗaga waƙa. Da aka zo sanar da sakamako, su ne na ƙarshe, kuma ba wanda ya yi gardama.

Bayan an tashi, Japheth na durƙushe a gindin bishiyar mangwaro, an yafa masa wani zani. Mama na zaune a benci tana wanke tukunyar, tana jujjuya ta tana neman tsaga, ba ta samu ba. Rhoda na tsaye tsakaninsu, idonta a kan ƙafafun Japheth da suka farfashe suna jini.

"Mama," ta ce a hankali, "a ka ya ɗauko ta tun daga bayan Chikaji."

"Na ga ƙafafun, ba makauniya ba ce ni." Mama ta kife tukunyar ta tsane. "Japheth."

"Na'am, Mama."

"Ka fasa mini tukwane uku. Ka ɓata mini anko. Ka sa na zo na ƙarshe a gaban matan Samaru, abin da ban taɓa yi ba tun ina budurwa."

"Haka ne, Mama." Hawaye ya cika masa ido, don ya san abin da ke biye.

"Ka ce wa manyanka su zo ran Lahadi bayan sujada."

Japheth ya ɗago kai, bai yarda da kunnensa ba. Matan da suka kewaye su suka kalli juna. Wata daga cikinsu ta kasa haƙuri ta ce, "Haba Mama, wannan ɗin za ki ba Rhoda?"

"Shi fa," in ji Mama. "Kullum tsorona kada in ba wanda zai gudu ya bar mini ita wata rana. Mutumin da ya kasa gane hanyar Samaru da rana tsaka, ina zai gudu ya je?"

Guɗa ta ɓarke. Rhoda ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na rawa. Japheth ya share ido da gefen zanin da aka yafa masa, ya miƙe a kan fasassun ƙafafunsa, ya dubi matan ɗaya bayan ɗaya.

"Kun gani ko?" ya ce. "Dama nan lissafin ya nufa."